Zaɓen Darussa a Babbar Sakandare da Shiga Jami'a: Sharhi a Kan Manufar Ilmi ta Ƙasa Bisa Halin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

A duk shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akan ji koke iri ɗaya daga ƙananan hukumomin karkara, cewa 'ya'yansu ba su sami gurbi a sashen likitanci ko na harhaɗa magunguna ko na injiniya ko na lauya ba. Wasu sukan ɗora laifin a kan hukumar JAMB, wasu a kan jami'an ɗaukar ɗalibai, wasu kuma su ce rashin uwa a gindin murhu ne. Ba mu musanta cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa rabon ba. To amma manufar wannan takarda ita ce ta jawo hankalin mahalarta taro zuwa ga wani mataki da ya riga waɗannan duka, watau ranar da ake rarraba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci a farkon babbar sakandare, ajin da ake kira SS1, ko aji huɗu a bakin jama'a.

Ra'ayinmu shi ne, a wannan rana ake yanke mafi girman hukuncin shiga jami'a, shekara uku kafin yaro ya sayi fom ɗin JAMB. Kuma abin da hukuma ke kira zaɓin ɗalibi, a karkara yawanci rabo ne da halin makarantarsa ya yanka masa. Domin tabbatar da haka za mu ɗora Manufar Ilmi ta Ƙasa a gefe guda, ƙasidar sharuɗɗan shiga jami'a ta JAMB a ɗaya gefen, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Sa'an nan mu auna su da halin da ake ciki a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku na shiyyar Funtuwa a Jihar Katsina, waɗanda suka haɗu a mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai ta Tarayya.

2.0 Waiwaye

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata mu ɗan waiwaya baya. A tsohon tsari ɗalibi yakan yi shekara biyar a sakandare, wanda ya yi fice kuma ya ƙara shekara biyu ta karatu mai zurfi da ake kira HSC, inda zai taƙaita a kan darussa uku, da su ne kuma zai nemi jami'a. Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya ƙarfafa wannan mataki ƙwarai. Sai dai makarantun Arewa masu waɗannan azuzuwa kaɗan ne, irin su Kwalejin Barewa ta Zariya da Kwalejin Gwamnati ta Keffi. Wannan ƙaranci ne ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a 1970, aka kuma kafa jarrabawar IJMB a 1976.

A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, aka yi mata gyara a 1981, aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Wannan tsari ya kawar da azuzuwan HSC daga makarantun gwamnati, ya raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, ya mayar da digiri na farko shekara huɗu. A 1978 kuwa aka kafa hukumar JAMB domin ɗalibi ya zauna jarrabawa ɗaya maimakon bin jami'o'i ɗaya bayan ɗaya. Ko a tsohon tsari ana rarraba ɗalibai tun suna tsakiyar sakandare, amma sabon tsarin ya ɗora dukkan nauyin a kan shekara ukun ƙarshe, domin daga gare su sai ƙofar jami'a.

Manhajar da aka fara aiki da ita a 2011 ta kasa babbar sakandare ɓangare huɗu: kimiyya da lissafi, fasaha, adabi da zamantakewa, da kasuwanci, tare da wasu darussa na dole a kan kowa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa, amma rarraba ɗalibai ɓangare-ɓangare yana nan.

3.0 Abin da Jami'a Take Nema

Mai neman shiga jami'a a Nijeriya yana da shinge biyu a gabansa. Na farko shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko makamantansu, a zama ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne jarrabawar UTME, mai darussa huɗu da maki 400, Turanci dole ne a cikinsu. Abin lura shi ne, a kowane shinge ba a duban yawan kiredit ko yawan maki sai an fara duban irin darussan.

Alal misali, likitanci da aikin haƙori da harhaɗa magunguna da aikin jinya da likitancin dabbobi duk suna neman Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, ban da Turanci da Lissafi, kuma jami'o'i da dama suna shar'anta wa mai neman likitanci ya same su a zama ɗaya. Injiniya tana neman Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Hatta digirin aikin gona ba a shigarsa sai da Kimistiri. Ta ɓangaren adabi kuwa, yawancin jami'o'i suna neman kiredit a Adabin Ingilishi ga mai son karanta lauya. Idan ɗalibi ya sami maki 300 a UTME amma haɗin darussansa ya saɓa wa ƙa'idar kwas ɗin, to tsarin kwamfuta na CAPS, wanda JAMB ta shigo da shi a 2017, ba shi da wurin sauraron uzuri.

Bugu da ƙari, gurabun waɗannan sassa a ƙayyade suke. Majalisar Likitoci ta Ƙasa ita ke yanka wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka, haka ma Majalisar Ilmin Shari'a take yi wa tsangayoyin lauya. Saboda haka, ko da yake mafi ƙarancin makin da aka amince da shi domin shiga jami'a a 2025 shi ne 150, wannan adadi ba ya kai mutum ko bakin ƙofar waɗannan sassa. A sakamakon farko da JAMB ta bayyana a wannan shekara, daga cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Ke nan gasar tana tsakanin 'yan ƙalilan da suka sami haɗin darussa daidai, suka kuma sami malaman da suka koyar da su da kyau.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Ƙofar da ke tsakanin ɓangarorin nan gefe ɗaya take buɗewa. Ɗalibin kimiyya da ya haɗa da Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa yana iya tsallakawa zuwa kwasa-kwasan zamantakewa ko na gudanarwa idan ya ga dama. Ɗalibin adabi kuwa ba shi da hanyar komawa kimiyya sai ya sake karatu daga tushe. Ko sanarwar da Gwamnatin Tarayya ta yi a watan Oktoba na 2025, cewa kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗi ga masu neman kwasa-kwasan adabi, sauƙi ce ga wanda zai zauna a ɓangarensa, ba ta buɗe wa kowa hanyar tsallakawa ba.

4.0 Zaɓi ne ko Rabo?

Idan muka koma ga Manufar Ilmi ta Ƙasa za mu tarar ta gina maganarta a kan cewa za a rarraba yara bisa basirarsu da sha'awarsu, da taimakon malamin ba da shawara, bayan an duba sakamakonsu na ƙaramar sakandare. Wannan magana ce mai kyau a takarda, amma ta ɗauki abu uku a matsayin tabbas. Na farko, cewa kowace makaranta tana koyar da dukkan darussan da za a zaɓa daga cikinsu. Na biyu, cewa akwai mai ba da shawara da ya san ƙasidar JAMB. Na uku, cewa iyaye sun fahimci abin da zai biyo bayan zaɓin.

Duk malamin da ya taɓa zagayawa makarantun jeka-ka-dawo na karkara domin duba ɗalibansa masu koyon aikin koyarwa ya san yadda lamarin yake. Malamin Fiziks ko na Kimistiri shi ne mafi wuyar samu, shi ne kuma mafi saurin neman canji zuwa birni. Inda babu shi, shugaban makaranta yana da hanya biyu: ko ya haƙura da ajin kimiyya baki ɗaya, ko ya buɗe shi da suna ya ɗora wa malamin Lissafi ko ɗan bautar ƙasa. A hanya ta farko an rufe wa yara ƙofa a fili. A ta biyu an bar su suna tafiya har shekara uku, sai ranar jarrabawar gwaji ta WAEC su ga kayan awo a karo na farko. Haka ma Adabin Ingilishi yake, darasi ne mai buƙatar malami gwani da littattafan da iyaye za su saya, inda babu su kuwa ɗalibin adabi ya rasa lauya kamar yadda ɗan'uwansa ya rasa likitanci.

Mu ɗauki misalin yara biyu masu basira ɗaya, ɗaya a wata makarantar kuɗi a birnin Katsina, ɗaya a wani ƙauye na ƙasar Sabuwa. Na farko zai tarar da ɓangare uku a buɗe, da ƙarin Lissafi mai zurfi, da uba ko yaya da ya taɓa cika fom ɗin JAMB. Na biyu zai tarar da aji ɗaya ko biyu, a tura shi inda ke da kujera, ko ya bi abokansa, ko ya guji kimiyya domin ya ji ana cewa ba a cin ta a makarantarsu, wanda kuwa hukunci ne mai hankali a irin halinsa. Idan ya kai aji shida ya gane kuskuren, gyara ya yi wuya, domin hukumar WAEC tana neman makin ɗalibi na makaranta tun daga aji huɗu a darussan da zai rubuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan an tanƙwara shi ne ba da sanin mai shi ba.

A nan ne takardun nan biyu suka rabu. Manufar Ilmi tana magana kamar kowace makaranta daidai take da 'yar'uwarta, ƙasidar JAMB kuma tana hukunta ɗalibi kamar shi ya zaɓi abin da ya karanta. Tsakanin su biyu babu hukumar da ta ɗauki alhakin giɓin.

5.0 Makarantar Kimiyya ta Kwana

Jihohin Arewa sun daɗe da gane wannan matsala, sun kuma samo mata magani mai ma'ana. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Dabarar ita ce, tun da malaman kimiyya da ɗakunan gwaji ba za su wadaci kowane gari ba, sai a tara su wuri ɗaya, a zaƙulo yara masu basira ta hanyar jarrabawa daga ko'ina, a ba su abinci da wurin kwana. Wannan tsari ya fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, sauran jihohi kuma suka bi sahu. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, tana da hukuma ta musamman mai kula da makarantun kimiyya da fasaha, Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara kuwa irin wannan makaranta ce.

Ginshiƙin dabarar shi ne kwana a makaranta. Shi ne ya ba ɗan manomi daga Yankara ko Daudawa ko Damari damar zama a benci ɗaya da ɗan birni a gaban malamin Kimistiri. To wannan ginshiƙi ne rashin tsaro ya sara. A daren 11 ga Disamba, 2020 'yan bindiga suka afka wa makarantar Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji, ranar 17 ga wata aka sako 344. Gwamnatin jiha, a ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta ba da umurnin rufe makarantun kwana. Wannan kuwa ya zo ne a shekarar da yara suka riga suka yi asarar watanni saboda annobar korona. Ya kamata kuma mu lura cewa makarantar Dapchi a Jihar Yobe, da aka kai wa hari a 2018, da ta Kagara a Jihar Neja, a 2021, su ma makarantun kimiyya ne na kwana.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan waɗannan hare-hare ta fuskar tsaro, amma ta fuskar shiga jami'a an yi shiru. Uban da ya janye ɗansa daga makarantar kwana ya mayar da shi ta jeka-ka-dawo a kusa da gida ba za a zarge shi ba, domin rai ya fi komai. Sai dai a mafi yawan lokaci wannan canji na makaranta canji ne na ɓangaren karatu. Ga 'ya'ya mata abin ya fi tsanani, domin dama da ƙyar ake sakin su. Mai hali zai kai nasa Funtuwa ko Zariya ko Katsina, marar hali kuwa ya karɓi abin da ya samu.

Har ila yau, a watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku, har tsawon watanni. A shekarar ce kuma JAMB ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ga mai yin rajista, rajistar da ke farawa da saƙon waya, ga jarrabawar kanta tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, amma idan suka taru a kan yaro ɗaya sai su zama kaya.

6.0 Kason Jihohi

Wani zai ce ai gwamnati ta riga ta yi tanadi domin irin waɗannan yara. Gaskiya ne, ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya ta fuskar ilmin zamani, Katsina kuma tana cikinsu. Muna goyon bayan wannan tanadi, amma muna ganin yana da rauni biyu.

Rauni na farko shi ne, kason yana aiki ne a bakin ƙofa kawai. Yana iya sassauta maki ga wanda ya cika sharuɗɗan darussa, amma ba ya ba wanda bai taɓa karanta Fiziks ba kiredit a Fiziks. Wanda aka tsame daga layi tun yana aji huɗu ba zai amfana da sassaucin da ake yi wa na kan layi ba.

Rauni na biyu shi ne ma'aunin. Jiha ake dubawa, jiha kuwa ba abu ɗaya ba ce. Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, kuma a idon wannan ƙa'ida yaran nan biyu da muka yi misali da su duk 'yan jiha ɗaya ne da aka bari a baya. Ko inda aka sauko zuwa ƙaramar hukuma, takardar asali ake dubawa, ba makarantar da ɗalibi ya yi ba. Saboda haka ɗan asalin Faskari da aka haifa a Abuja, ya yi karatu a can, shi zai cike gurbin Faskari, a rubuta a littafi cewa an yi adalci. Ba laifinsa ba ne, haƙƙinsa ne bisa doka, amma dokar ba ta kai ga wanda aka yi ta dominsa ba.

Daɗin daɗawa, manufar gwamnati ita ce a ba kimiyya kashi 60 na gurabu, adabi da zamantakewa kashi 40. Idan yaran karkara suka taru a ajin adabi saboda rashin malamai, sun taru ke nan a ɓangaren da gurabunsa suka fi ƙaranci.

7.0 Hanyar Share Fage

Hanya ɗaya da ta rage ita ce ta share fage. Yankin da muke magana a kai ya yi sa'a, domin Makarantar Share Fage ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 2002, a Funtuwa take, ba nisa da waɗannan garuruwa. Tana da shirin gyaran sakamako, tana kuma da shirin IJMB, wanda ake karanta darussa uku masu zurfi a nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Wannan shi ne magajin HSC na da, ya kuma ceci ɗalibai masu yawa.

Amma shi ma yana da iyaka. Karatu mai zurfi a kan tushe ake ɗora shi, watau mai son Kimistiri a IJMB sai ya zo da Kimistirinsa daga sakandare. Shirin yana taimakon wanda ya shiga ajin kimiyya ya yi rauni, ba a tsara shi domin wanda bai shiga ba sam. Ga kuma kuɗin makaranta da na abinci da na masauki, a yankin da manoma da yawa suka yi shekaru ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa.

8.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma yana da amfani mu ga yadda wasu suka tunkare ta. A Amurka akwai darussa masu zurfi da ake kira AP, waɗanda suka samo asali tun shekarun 1950, manyan jami'o'i masu tsananin tantancewa kuma suna duba ko ɗalibi ya ɗauke su. Sai dai makaranta takan aika da bayanin kanta tare da sakamakon ɗalibi, domin a auna shi da abin da aka tanadar masa. Wanda ya ɗauki biyu a makarantar da ke koyar da biyu ba a daidaita shi da wanda ya ɗauki biyu a inda ake koyar da ashirin.

A Ingila kuwa ƙungiyar manyan jami'o'i ta Russell ta fitar da littafin jagora a 2011, inda ta bayyana darussan da suka fi buɗe ƙofofi, domin ta lura 'ya'yan talakawa suna zaɓe cikin duhu. Ta janye wannan jeri a 2019 bayan an koka cewa yana rage darajar darussan zane da kiɗa da makamantansu, ta maye shi da jagora mai nuna abin da kowane kwas ke nema. Jami'o'i da dama a can kuma suna sassauta sharaɗi bisa unguwa da makarantar da ɗalibi ya fito. Ba muna cewa a kwafo tsarinsu ba ne, su ma ba su gama da rashin daidaito ba. Abin ɗauka biyu ne: a sanar da yaro kafin ya zaɓa, a kuma san makarantarsa kafin a hukunta shi.

9.0 Wasu Hujjoji da Za a Iya Kawowa

Za a iya cewa jami'a ba za ta ɗauki mai neman likitanci ba tare da Kimistiri ba. Mun yarda, ba ma kira da a rage sharuɗɗa, domin rayukan jama'a ne za su shiga hannun wanda aka yaye. Kiranmu shi ne a ba kowane yaro damar cika su.

Za a iya cewa kuma ba kowa ne zai zama likita ba, adabi da tarihi da harsuna suna da tasu daraja. Mu da muke gabatar da takarda cikin Hausa ba ma buƙatar a tuna mana wannan. Amma sashen Hausa ko na Tarihi ya fi amfana da ɗalibin da ya zo da ƙafarsa fiye da wanda aka koro daga wani wuri. Kowane malami a nan ya san bambancin su biyun a cikin aji.

Za a kuma nuna mana likitoci da injiniyoyi da farfesoshi 'yan asalin waɗannan garuruwa. Suna nan, abin alfahari ne kuma. Sai dai a tambayi kowannensu makarantar da ya yi, za a tarar da yawansu ta hanyar makarantar kwana suka fita, hanyar da muka nuna ta ƙuntata.

10.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata muna ba da shawarwari kamar haka:

(a) A dawo da ba da shawara zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Jami'o'in da ke jihar, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Al-Qalam, su haɗa kai su taƙaita ƙasidar JAMB cikin Hausa, da boko da ajami, a raba wa iyaye, a kuma karanta ta a gidajen rediyo kafin farkon kowace shekarar karatu.

(b) Ma'aikatar Ilmi ta riƙa bayyana, makaranta bayan makaranta, darussan da ke da ƙwararren malami da waɗanda ba su da shi. Kada a buɗe ajin kimiyya da suna kawai.

(c) A ƙarfafa makarantar kimiyya ta jeka-ka-dawo, ta maza da ta mata, a cikin garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da ɗakin gwaji wanda makarantun kewaye za su riƙa amfani da shi bi-da-bi, a kuma ba malaman kimiyya da na Turanci da suka yarda su zauna a can alawus na musamman da gidan zama.

(d) A cikin kason da ake ba jihohi da ƙananan hukumomi, a keɓe wani yanki ga waɗanda suka yi babbar sakandare a makarantun gwamnati na yankin, ba masu takardar asali kaɗai ba.

(e) A buɗe shirin tsallakawa na shekara ɗaya ko biyu ga ɗalibin adabi mai ƙarfi a Lissafi da yake son komawa kimiyya, ƙananan hukumomi su ɗauki nauyin kuɗinsa.

(f) Mu malaman jami'a mu sa ɗalibanmu na babban digiri su bi sawun ɗaliban sassan likitanci da injiniya da lauya, su tattara sunayen makarantun da suka fito, domin a ɗora wa masu tsara manufa hujja a kan tebur.

11.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa shiga manyan sassan jami'a ya rataya ne a kan darussan da ɗalibi ya ɗauka a aji huɗu, cewa Manufar Ilmi ta Ƙasa ta kira wannan mataki zaɓi ba tare da ta tabbatar da abin da za a zaɓa ba, da kuma cewa makarantar kwana da kason jihohi da shirin share fage, kowannensu ya gaza kai wa ga yaron da ya fi buƙata. Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasa ce ta masara da auduga da dabbobi, ga farar ƙasa a Ƙanƙara. Tana buƙatar malaman gona da likitocin dabbobi da injiniyoyi da ungozomomi, waɗanda za su yarda su zauna a cikinta, sanannen abu ne kuma cewa ɗan gida ya fi baƙo jure zama. Yaran da aka rarraba a aji huɗu bana, su ne za su tsaya a ƙofar jami'a nan da shekara uku, da abin da aka ba su a hannu. Muna fatan mahalarta za su tattauna waɗannan shawarwari, su gyara abin da ke buƙatar gyara. Allah ya sa mu dace.